Lailak huɗu a ƙarƙashin wayar wuta

14 Oktoba 2023

Masu zarto sun gama yau. Bishiyoyin ash ukun da ke gaban masallacinmu a nan Minneapolis sun tafi, inji ya niƙe kututturansu, sai tsibi uku na ɓarzajjen itace da na roƙa a bar mana. Kwamiti ya ɗora mini aikin maye gurbinsu, ba don wani ilimi ba, sai don an san ina noman yakuwa da tumatir a bayan gida. Na buɗe wannan littafi don wanda zai karɓi aikin a bayana ya san abin da aka yi da dalilinsa.

Abin da ya kashe ash ɗin wani ƙwaro ne kore shar, tsawonsa bai wuce rabin inci ba, ɗan asalin gabashin Asiya. A 2002 aka fara gano shi a Amurka, kusa da Detroit, a 2009 kuma ya iso St. Paul, maƙwabciyarmu. Tsutsarsa ce mai ɓarnar. Tana shiga ƙarƙashin ɓawo ta cinye hanyoyin da ruwa da abinci suke bi, sai bishiya ta fara bushewa daga sama. Tun daga 2014 hukumar gandunan shaƙatawa ta birni ta yi shekara takwas tana sare wajen ash dubu 40 na tituna da lambunan gwamnati. Na filayen jama'a kuwa, in ma'aikatanta suka ga ƙwaro ya kama, sai su sa alama, mai fili ya biya a cire. Haka ta faru da mu.

Na auna wurin. Siririyar ƙasa ce tsakanin kwaltar wurin ajiye motoci da daɓen masu tafiya a ƙafa, faɗinta ƙafa 5 da rabi, tsawonta wajen ƙafa 90, tana fuskantar kudu. Wayoyin wuta sun bi ta kanta daga farko har ƙarshe. Cikin iyakar filinmu take, ba zirin da ke bakin titi ba, wanda na birni ne kuma ba a dasa komai a cikinsa sai da izini.

5 Nuwamba 2023

Zaman kwamiti bayan la'asar. Kowa da bishiyar da ke ransa. Wani ɗan'uwa Basomale yana son tuffa, matasa suna son mai jan ganye a lokacin kaka, Alhaji shugaban kwamiti kuma ya ce, "Malam, ni dai inuwa nake so. Bishiyar da ba ta inuwa, ba ta 'ya'ya, ina amfaninta?"

Na ce, "Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ash ɗin nan ai masu inuwa ne, amma a tuna yadda suka koma." Duk 'yan shekaru masu wuta sukan zo su yanke tsakiyarsu don kada su taɓa waya, har suka zama rassa biyu a wage da sarari a tsakani. Saiwoyinsu kuma sun ɗaga daɓe a wuri biyu, dattawa suna tuntuɓe in za su sallar asuba. Wurin nan ba na babbar bishiya ba ne, ko nawa muke sonta. Wadda za ta zauna lafiya a nan ita ce wadda in ta ƙure girmanta ba za ta wuce ƙafa 25 ba, mai ɗan siririn kai, mai jure gishirin titi da zafin kwalta da sanyin Janairu. Masu cika waɗannan sharuɗɗa ba su da yawa.

Na gabatar da lailak ta Japan, wadda masana tsirrai ke kira Syringa reticulata. Ba ita ce lailak ɗin da aka saba gani a shingayen gidaje ba, mai furen shunayya a watan Mayu. Waccan cunkus take fitowa da rassa da yawa daga ƙasa. Wannan bishiya ce sosai mai gindi ɗaya, ɓawonta ja-ja mai ɗan ƙyalli da zane-zanen fari a kwance, furenta fari mai ruwan madara, kuma sai tsakiyar Yuni take yi, bayan sauran sun gama. Daga dazuzzukan Japan ta fito, musamman arewaci, tana da 'yan'uwa a Koriya da arewacin Sin da gabashin Rasha. A 1876 William Clark, wanda ya je Sapporo kafa makarantar koyon noma, ya aiko da irinta zuwa lambun Arnold da ke Boston, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsiro a lokacin ta haura shekara ɗari a raye.

Da na ce danginta ɗaya da zaitun, Malam Liman ya yi murmushi ya ce to ai magana ta ƙare. Amma Alhaji ba a yi masa wayo. Ya ji na ambaci cewa ash ma cikin wannan dangi take, sai ya ce, "Ashe abincin ƙwaron za mu sake dasa masa." Tambaya ce mai kyau. Ƙwaron nan ash yake bi. An taɓa samunsa a wata 'yar bishiya ta wannan dangi a jihar Ohio a 2014, amma masu lura da itatuwan birane ba sa lissafa lailak cikin abincinsa, ita ce ma ɗaya daga cikin waɗanda suke dasawa a gurbin ash. An amince da sharaɗin in kawo lissafin kuɗi kafin azumi.

2 Disamba 2023

Sakamakon ƙasar da na aika ɗakin gwaji na Jami'ar Minnesota ya dawo. Ma'aunin tsami ya nuna 7.8, wato ƙasar ta karkata ɓangaren kanwa, abin da ba mamaki tunda siminti ne ta kowane gefe. Wannan ya fitar da jan maple ɗin da matasa ke so, don a irin wannan ƙasa ganyenta rawaya yake yi ta kankance. Lailak ba ruwanta. Laka ce mai nauyi daga inci 8 zuwa ƙasa, ita ce za ta fi ba mu aiki.

3 Fabrairu 2024

Hunturun bana ba a taɓa ganin irinsa ba. Ciyawa a fili, tabkuna sun ƙi daskarewa yadda ya kamata, mutane suna yawo da 'yar shara a Fabrairu. Na yi amfani da damar na zagaya unguwanni ina kallon lailak ɗin da birni ya dasa shekarun baya, don surar bishiya a lokacin da ba ganye ake gane ta.

Iri uku na sa a gaba. Ivory Silk ita ce ta cika ko'ina, gidan renon itatuwa na Sheridan da ke Ontario a Kanada ya fitar da ita a 1973. Takan kai ƙafa 20 zuwa 25, kanta kuma ya yi faɗin ƙafa 15 ko fiye in ta tsufa. Ivory Pillar tsawonsu kusan ɗaya, amma rassanta sama suke miƙewa, kanta ya fi tsukewa. Snowdance ta gidan Bailey ce na nan Minnesota, tana da abin yabo biyu, fure kowace shekara kuma kusan ba ta yin iri, sai dai faɗinta yakan kai tsawonta ko ya wuce. A wuri mai ƙafa 5 da rabi, mota ta wannan gefe, mai tura keken jariri ta wancan, ba za ta yiwu ba. Na so ta ƙwarai, na haƙura.

Na tsayar da Ivory Pillar biyu a bakin ƙofofin shiga da fita, inda direba ke bukatar ganin titi, Ivory Silk biyu a tsakiya, tazarar ƙafa 20.

Ma'ajin kwamiti ya ce tunda akwai ragi in an sayi da yawa, a ɗauki takwas a zagaye filin duka. Na ƙi, kuma ga dalilina don kada a sake tayar da maganar. Garin nan sau biyu yana cin wannan wuya. Da can bishiyar elm ce a kowane titi, cuta ta zo a shekarun 1970 ta kwashe dubbai. Aka maye gurbinsu da ash, titi bayan titi, ga shi yanzu ana biyan kuɗin sarewa. Tun 1990 wani masani mai suna Frank Santamour ya ba da shawarar kada iri guda ya wuce kashi 10 cikin ɗari na itatuwan gari. Mu ma da muka taso a ƙarƙashin dogon yaro, makaranta shi, kasuwa shi, maƙabarta shi, mun san fargabar da aka shiga a Nijar a farkon shekarun 1990 da ya fara bushewa ba a san dalili ba. Lailak ɗin nan kuwa ta riga ta yi yawa a wasu titunanmu, duk inda aka ga waya sai a kafa ta. Inda waya ta tilasta mana, mu dasa ta. Inda sarari yake, a sa wata.

Don haka a kusurwar gabas, inda ba waya kuma ƙasa ta fi faɗi, za mu sa hackberry, 'yar ƙasar nan, dangin zuwo ɗinmu. Ita ce inuwar Alhaji, in Allah ya ja kwana. A bakin ƙofar mata kuma, nesa da gishiri, serviceberry, mai 'ya'ya ƙanana masu zaƙi da yara za su yi rigima da tsuntsaye a kansu.

20 Afrilu 2024

Sai bayan ƙaramar salla na samu kai. Doka ce a Minnesota, kafin ka haƙa rami ka kira 811 aƙalla kwana biyu na aiki kafin ranar, kamfanoni su zo su nuna inda kayansu suka bi a ƙarƙashin ƙasa, ba a biyan ko sisi. Na zagaye ramukan da farin fenti, suka zo suka kakkafa tutoci: rawaya ta gas, ruwan lemo ta wayar sadarwa, shuɗiya ta ruwa. Bututun gas ya ratsa daidai inda na so sa ta biyu, na matsar da ita ƙafa 4 yamma.

A kula: wayar da ke kai wuta fitilar wurin motoci tamu ce, ba ta kamfani ba, don haka ba wanda ya sa mata tuta. Baba mai shara ne ya tuna inda aka binne ta. A wajen ta uku da hannu za a haƙa, ban da diga.

4 Mayu 2024

Ranar dashe. Itatuwan sun zo jiya a tukwanen roba, kaurin gindin kowacce inci 1 da rabi. Matasa sun fito da shebur da baro, mata sun kawo shayi da sambusa.

Rabin yinin a kan saiwa ya ƙare, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kowace bishiya tana da wurin da gindinta ke buɗewa ya zama saiwa, ni wuyan saiwa nake ce masa. Wannan wuya a saman ƙasa ya kamata ya zauna, ana ganinsa. A gidajen reno kuwa, duk sauyin tukunya sai a ƙara ƙasa a kai, har ya nutse. Na sa hannu ina tona saman tukunyar farko, inci 1, inci 2, sai a inci 4 na taɓo babbar saiwa ta farko. Uku cikin huɗun haka suke. A cikin ƙasar da ta rufe wuyan, ƙananan saiwoyi sun fito suna kewaya gindi. Yau ba su fi zare kauri ba. Nan da shekara goma sha, su da gindin duk sun yi kauri, sai su shaƙe shi, bishiya ta yi ta rama ba a san dalili ba, ko iska ta karya ta daga ƙasa. Gary Johnson na Jami'ar Minnesota ya daɗe yana bincike a kan wannan, shi ya sa masu dashe a jihar nan suka san shi. Na yanke su duka da almakashi.

Sai na ɗauki zarto na sheme wajen inci 1 daga gefe huɗu na dunƙulen saiwar, ya koma mai kusurwa huɗu. Wani yaro ya ce, "Kawu, kashe ta za ka yi?" Na nuna masa yadda saiwoyin suka bi jikin roba suna zagaye. In ba a yanke su ba, a cikin rami ma zagayen za su ci gaba da yi, ba za su taɓa miƙewa su kama ƙasa ba.

Ramuka masu faɗi muka yi, ninki biyu na tukunya, amma ba zurfi, daidai yadda wuyan saiwa zai ɗan ɗara ƙasa. Faɗin zirin bai ba mu damar da'ira ba, sai muka ja su a tsaye. Alhaji ya kawo buhunan taki daga aljihunsa, na ba shi haƙuri, ba za a zuba a rami ba. A laka irin tamu, in ka cika rami da ƙasa mai laushi, ruwa ne zai taru a ciki ya kwanta, lailak kuwa ba abin da ta tsana irin saiwarta ta zauna cikin ruwa. Ƙasar da aka tono ita aka mayar, takin aka barbaɗa a sama. Mun kauce wa guraben tsoffin kututtura, don niƙaƙƙen itacen da ke ciki zai ruɓe ƙasa ta lotsa.

Ɓarzajjen itace inci 3 a kewaye, ba a bari ya taɓa gindi ba. Ta huɗu ce kaɗai aka kafa wa turaku, don tana rangaji, ɗaurin kuma sako-sako ne.

19 Mayu 2024

Tsarin ban ruwa, kamar yadda jami'a ta tsara: kullum a mako biyun farko, sai duk kwana biyu ko uku har wata uku, daga nan mako-mako. Galan 1 zuwa 1 da rabi ga kowane inci na kaurin gindi, a zuba a kan dunƙulen saiwar kansa. A yanayin nan bishiya kan ɗauki kimanin shekara ɗaya da rabi ga kowane inci kafin ta kafu, wato namu sai sun haura shekara biyu a hannunmu. Na liƙa jadawali a bayan ƙofar wurin alwala. Mun huda bokitai a gindi don ruwa ya riƙa tsiyaya a hankali.

17 Yuni 2024

Jiya babbar salla, kuma biyun tsakiya sun yi fure, zangarniya biyar-shida kowacce. Tohon da suka zo da shi ne daga gidan reno, ba aikinmu ba, don haka ban ɗauke shi shaidar komai ba.

Ruwan sama kuwa ya ƙi tsayawa tun Mayu. Na cire jadawalin na rubuta: a tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi kada a zuba. Wani bawan Allah mai son lada yana ba su bokiti biyu kowace asuba, ruwa ko ba ruwa. Ganyen ta uku ya fara langaɓewa, shi kuma ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara mata. Saiwar da ruwa ya hana numfashi ba ta iya sha, alamarta ɗaya da ta fari. Na same shi a keɓe muka fahimci juna.

17 Agusta 2024

Lailak ɗin shingayen unguwa sun shiga uku. Damshin bana ya kawo musu cutar tabon ganye, ganye ya yi baƙi ya zube, wasu tsirara suke a tsakiyar Agusta. Namu 'yan ɗigo-ɗigo ne kawai a ƙananan rassa.

Matsalar da muka samu ta mutum ce. Mai yankan ciyawa ya kusanci ta ɗaya da injin nan mai igiyar roba, ya saɓule mata ɓawo wajen inci 2 a gindi. Bai kai rabin zagaye ba, za ta rayu. Ban shafa komai ba, fenti ko kwalta a kan rauni danshi kawai suke riƙewa. Na gyara bakin da wuƙa mai kaifi na bar shi. Damuwata wani ƙwaro ne daban, ɗan ƙasar nan, mai kama da zanzaro, wanda ke yin ƙwai a raunin lailak da ash, tsutsarsa ta huda ciki. Alamarsa garin itace a gindi. Zan riƙa dubawa.

Maganin na dindindin shi ne a raba inji da gindi. Mun kwashe ciyawar zirin gaba ɗaya, muka shimfiɗa ragowar ɓarzajjen ash daga wannan ƙofa zuwa waccan.

5 Oktoba 2024

Daga ambaliya sai fari. Satumban da ya wuce shi ne mafi ƙarancin ruwa a tarihin da aka rubuta na garin nan, ga zafi. Bakin ganye ya ƙone a duka huɗun, ta huɗu ta fi, don ita rana ke duka ta yamma daga kan kwalta. An dawo da bokitai, kuma za a ci gaba har ƙasa ta daskare.

Lailak ɗin shinge da suka zubar da ganye a Agusta yanzu wasunsu fure suke yi, a Oktoba, wahala ta ruɗa su. Namu ba su yi ba. Kada kuma a jira wani launi daga gare su a kaka, ganyen kore-kore mai duhu yake yi ya faɗi, shi ke nan. Matasan da suka so maple sun tuna mini.

9 Nuwamba 2024

Shirin hunturu. Farar roba a gindin kowacce, don ranar Fabrairu takan ɗumama ɓawon ta kudu da yamma, dare ya yi ya daskare ya tsage. Ragar waya mai ƙananan idanu a kewaye saboda zomaye da ɓeraye, tsawonta ƙafa 3 don in ƙanƙara ta taru zomo a kanta yake tsayawa ya ci.

Na zauna da mai ture mana dusar ƙanƙara da mota. Na nuna masa sandunan da na kafa masu ƙyalli, na roƙe shi ya riƙa tarawa a kusurwar arewa. Maganar gishiri kuma da Baba mai shara muka yi. Hukumar kula da gurɓatar muhalli ta jiha tana cewa cikin kofin shayi ɗaya ya ishi murabba'in daɓe goma, kuma in sanyi ya kai 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius gishirin gama-gari ba ya narkar da komai, yashi ya fi. Baba ya ce, "Ɗana, in tsoho ya faɗi ya karya ƙugu, bishiyarka ce za ta kai shi asibiti?" Ba ni da amsa, gaskiyarsa ce. Mun tsaya a kan a fara share wuri tas da shebur, gishiri ya biyo baya, kaɗan.

25 Janairu 2025

Sanyin makon nan ya haura 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, ƙanƙarar da za ta lulluɓe ƙasa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Rassan ba abin tsoro, irin nan yana jure har 40 ƙasa da sifili. Sababbin saiwoyi ne abin ji, ɓarzajjen itacen nan shi kaɗai ne bargonsu.

8 Maris 2025

Ƙanƙara mai nauyi ta sauka tsakiyar mako, ga azumi, wurin motoci cike da masu asham. Wanda ya zo turewa ba wanda muka yi magana da shi ba ne, da dare ya zo, ya tara komai a kan ta huɗu. Tudun ya kai ƙirjina, baƙi ƙirin da gishiri da dattin kwalta. Ragar ta lanƙwashe, reshe ɗaya ya ɓalle daga jiki. Bayan asham matasa suka kwashe da shebur, a hankali, kada a ƙara mata rauni.

19 Afrilu 2025

An cire fararen robobi da turakun ta huɗu. Ragar za ta zauna. Lailak da wuri take toho, ukun farko sun yi kore tun ana sa rigar sanyi. Raunin ta ɗaya ya fara naɗe baki ta gefe biyu, ba garin itace.

Ta huɗu gefenta na wurin motoci bai farka ba. Na kankare ɓawon ƙananan rassa da farce, wasu kore a ciki, wasu busassu. Na yanke ɓallallen reshen daidai kumburin da ke gindinsa. Sai na sa mesa tana zuba a hankali na tsawon sa'o'i, don gishiri ba ya tafiya sai ruwa ya wanke shi zuwa ƙasan saiwa. Na kwashe ɓarzajjen itacen wurin na sa sabo.

Hackberry ta yi shiru har Alhaji ya fara tambaya ko ta mutu. Halinta ne, takan makara.

21 Yuni 2025

Wannan shi ne furen da zan lissafa. Ta biyu ta cika, zangarniyoyi har da masu tsawon kusan ƙafa guda, daga nesa sai ka ce an yafa mata farin mayafi. Ta ɗaya ta yi daidai gwargwado. Ta uku kaɗan, ta huɗu ko ɗaya. Ban damu da ta uku ba, an san irin nan da cika fure bana ya rage baɗi.

Ƙanshin ya raba jama'a. Wanda ya zo da tsammanin turaren lailak na Mayu ba shi zai samu ba. Wannan mai nauyi ne, zuma-zuma, da ɗan wani abu a ƙarƙashi wanda ba kowa ke so ba, musamman da rana ta take irin ta yau. Wata Hajiya ta ce a kawo mata reshe ta sa a falo, wata ta ce kanta yake sara mata. Ni a waje ina sonsa, a ɗaki ba zan iya ba. Ƙudan zuma dai sun yi cincirindo tun hantsi. Mako biyu ne duka, daga nan furen ya koma ruwan ƙasa.

Alhaji ya tsaya a gindin ta biyu bayan Juma'a jiya, ya ɗaga kai, ya ce, "Kyau kam akwai. Inuwar dai ta mutum ɗaya ce." Na ce nan gaba za ta ɗauki uku. Fiye da haka ban yi masa alkawari ba.

12 Yuli 2025

Askin shekara. Yanzu ne lokacinsa, da zarar fure ya wuce, don tohon furen baɗi a wannan damina yake ƙulluwa, wanda ya yi aski a kaka ko farkon bazara furensa ya yanke. Ban taɓa da yawa ba: tsiron da ke fitowa daga gindi, rassan da ke gogar juna, da kan ta uku da ya rabu biyu, na rage ɗaya don guda ya yi jagora. Ƙananan rassan da ke leƙa daɓe na gajarta su kawai. A hankali za a ɗaga su, ɗaya ko biyu a shekara, don ganyensu ne ke ƙara wa gindi kauri.

Na kuma yanke duk busassun zangarniyoyi kafin su ƙulla iri. Ba don kyau kaɗai ba. A jihar New York an samu bishiyar nan ta tsere daga gidaje ta bazu a bakin rafuka tana danne na ƙasa, mu kuma kwatar titinmu kogin Mississippi take zuba. Yanzu da hannu ake kaiwa. Nan da 'yan shekaru sai da tsani ko almakashi mai sanda, kuma kusa da wayar wuta ba wanda zai ɗaga sanda, wannan doka ce. Ranar da suka fi ƙarfinmu sai dai a riƙa tuge duk wanda ya tsiro.

Ta huɗu ta fitar da ganye a kashi biyu cikin uku na kanta, ƙanana, wasu a cunkushe a bakin reshe, alamar gishiri. Zan ba ta zuwa Yunin baɗi. Kafin hunturu za a kafa turakun ƙarfe biyu a gabanta, kuma maganar inda za a tara ƙanƙara za ta shiga takardar kwangila, ba baki da baki ba.

Ma'aji ya dawo da batun ƙarin lailak huɗu a bayan masallaci, tunda jama'a sun ga fure. Babu waya a can, ƙasar kuma ta kai ƙafa 12. Na rubuta wa kwamiti sunayen manyan itatuwa uku, kowacce danginta daban, za a duba a zaman Agusta. Bokitai biyu sun fashe, a saya kafin Juma'a.